Rasuwar Shuɗi, Akwatin Malam Mudasiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da riguna masu warin daddawa, Malam Mudasiru Karimu na Salaga yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar akwatinsa na tafiya, wanda aka fi sani da Shuɗi. Ya cika ranar Talata da la'asar a filin jirgin saman Accra, a kan bel ɗin da ke zagayo da kayan fasinja, bayan shekara shida yana fama da zumunci.

Marigayin ya shigo gidan da ƙafa huɗu cif, lokacin da Mudasiru ya sami aikin da ke kai shi Accra daga Tamale sau biyu a wata. An saye shi don riga da wando da takardun ofis, kuma wata guda ya yi yana wannan aikin. Sai labari ya kai Yendi wurin gwaggonsa Atikatu, ya kai Bawku wurin surukai, cewa yanzu yaron nan jirgi yake hawa, kuma tafiyar awa ɗaya ce.

Tun daga ranar Shuɗi ya zama na jama'a. Doya daga Salaga, soyayyen zabo da albasa daga Bawku, daddawa da man kaɗe daga Yendi, kowane ƙulli da sunan mai jiransa a unguwar Nima ta Accra. Gwaggo, wadda ta goya Mudasiru yana ƙarami, kullum maganarta ɗaya ce a waya: "Ƙaramin abu ne, ɗana, ba nauyi." Ƙaramin abin nan bai taɓa gaza kilo tara ba.

Marigayin mai haƙuri ne. An sha wurgo shi daga cikin jirgi kamar buhun masara bai ce uffan ba. An taɓa manta shi kwana uku a Kumasi, garin da ko mai shi bai je ba, ya dawo da ƙafa uku. Daga nan ya fara kukan da aka san shi da shi, "ƙiii-ƙwas, ƙiii-ƙwas," wanda ke sa duk mai zaman jiran jirgi ya waiwayo. In aka ɗora shi a sikeli aka ce ya yi nauyi, Mudasiru kan durƙusa a gaban layi ya zuge shi, ya kwashe nasa kayan ya jibga a jiki, domin ba a mayar wa gwaggo saƙonta. An sha ganinsa yana hawa jirgi da riga uku, yana zufa sharkaf, ana yi masa fatan jin daɗin tafiya.

Ciwon ajali a Tamale ya kama shi. Jirgin ƙarfe tara na safe ne, aka ce a ɗan jira kaɗan, kaɗan ɗin ya kai azahar. Shuɗi na kwance a rana, man kaɗe ya narke ya bi takardu, ya bi farar rigar da Mudasiru zai sa washegari a gaban manyan ofis. Da aka sauka Accra ya leƙo ta labulen roba, ya ce "ɓarrr," zif ya rabu gida biyu. Wannan ce kalmarsa ta ƙarshe. Doya ta biyo shi ɗaya bayan ɗaya tana zagaye, kuma sai da ta zaga sau uku kafin Mudasiru ya yarda ya san ta.

Ya bar ƙafa ɗaya mai lafiya, da kwaɗon da makullinsa ya ɓata tun bara, da masu saƙo goma sha huɗu. Dukkansu sun bugo waya, Allah ya saka musu, kowa yana tambaya ko nasa ya tsira.

Mudasiru ya ji mutuwar nan, amma a faɗi gaskiya, ya kuma ji sanyi a ransa. Shekara shida yana neman bakin da zai ce wa manya a'a bai samu ba, yau ga dalili ya zo da kansa. Ya rantse ba zai sayi wani ba, 'yar jakar hannu ta ishe shi.

Za a kai gawar ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci wurin Jalil mai gyaran takalma a kasuwar Salaga, wanda ya nemi a bar masa ƙafar. Zaman makoki a ƙofar gida ne, kuma ana roƙon masu ta'aziyya su zo hannu rabbana.

Gwaggo Atikatu ta aiko cewa ba za ta sami zuwa ba, amma tausayin ɗanta ya hana ta sukuni. Ta haɗa kai da surukai na Bawku sun saya masa sabo, wanda ya ninka marigayin girma, yana cikin motar safe. Direban ya ce a turo mutum biyu tasha, don ba fanko ya taho ba.