Darakta Ya Horar da Kwikwiyo

A duk layinmu babu wanda ya san tarbiyya kamar Darakta. Shi da bakinsa ya faɗa mana, kuma ba sau ɗaya ba. Shekara talatin ya yi yana shugabancin ma'aikata. Da ya yi ritaya ya miƙa makullin ofis, amma muryar shugabancin ya taho da ita gida.

Ran nan 'yarsa ta tsinto wani ɗan kwikwiyo a ƙarƙashin mota, haƙarƙari duk a waje. Kafin yamma ya jiƙa kafet ɗin falo sau biyu. Matar Darakta ta ce mako biyu ta bayar: ko ya koyi fita waje, ko ya koma inda aka ɗauko shi. Yarinya ta sa kuka.

Darakta ya gyara tabarau. "Ni da na saita mutum ɗari biyu? Ku bar ni da shi."

Ya buga jadawalin fitsari, ya liƙa a bango daidai tsayin idon kwikwiyo. Ya karanta masa dokoki goma sha ɗaya. Da aka sake ganin ɓarna a bayan kujera, ya rubuta masa takardar gargaɗi. Kwikwiyo ya karɓa cikin ladabi, ya cinye rabinta.

Matar, baiwar Allah, ba ta karanci harkar mulki ba. Iyakarta in kwikwiyo ya ci ya sha ta kai shi gindin bishiya, in ya yi fitsari a can sai ta shafa kansa ta ba shi guntun nama. Kwana goma falo ya bushe. Darakta ya ce jadawali ne ya fara aiki, ya tara mu maƙwabta mu shaida.

"Horo baiwa ce," ya fara, hannu a ƙirji. "Ba kowa ake ba ba."

Kwikwiyo ya je ƙofa ya karta.

"Zauna! Ba a fita ina magana."

Ya zauna. Jawabi ya kai minti arba'in. Sau biyu ya sake zuwa ƙofar yana kuka ƙasa-ƙasa, sau biyu aka koro shi. Ana cikin babin biyayya ya tsuguna a gaban Darakta ya sauke nauyinsa, har cikin takalmi.

Yarinya ta dubi uwarta a tsorace.

"Kwantar da hankalinki, babu inda za shi," in ji uwar. Ta ajiye bokiti da tsumma a gaban mijinta. "Maigida, shi dai ya nemi izini sau uku."