Sikelin Binuwai Ya Auna Matan Falasɗinu

Idan ana lissafa mutanen da Allah ya yi wa Garwa baiwa da su, dole a fara da Alhaji Wada Ɗanmalam, sannan a zauna a huta, don mai bi masa yana can nesa. Kakanninsa fatake ne da suka zo daga Katsina da jakuna, suka yi ta awon kanwa da gyaɗa a kasuwa har suka tsufa. Jikan ya duba ya ga awon gyaɗa bai kai darajarsa ba, sai ya koma awon mutane. Sana'arsa duba ayyukan ƙungiyoyin agaji: in an haƙa rijiya ko an buɗe ajin yaƙi da jahilci, sai a kira shi ya zo ya ce an yi daidai ko an yi shirme. A katinsa an rubuta "Eksper Enternasiyonal" da ruwan zinariya, wato ƙwararre na ƙasa da ƙasa, kuma ba ƙarya ba ne, ya taɓa tsallaka iyaka zuwa Yola ɗaurin aure. 'Yan moto, masu haya da babur a bakin kasuwa, suna kiransa Sikelin Binuwai. Shi ya ɗauka kirari ne, har hannu yake ɗaga musu.

Tun daga Ngawundere har Maruwa, ba a taɓa yin taron bita aka raba shayi da burodi babu shi ba. Katunan rataya wuya na tarurrukan suna jere a bangon falonsa, baƙo ba ya samun ruwan sha sai an zagaya da shi ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Gwanintarsa kuwa abin a yi shiru ne. Wasu ƙananan masana sai sun shiga gidaje, sun yi tambayoyi, sun leƙa rijiya ko da ruwa a ciki. Alhaji Wada tun yana cikin mota yake gama aikinsa. Ya dubi girman allon da aka kafa a bakin hanya, ya ƙirga rumfuna, ya saurari guɗar mata masu anko, ya shaƙi ƙamshin ragon da ake gasawa, shi ke nan ya san gaskiya. Abin da ya rage cin abinci ne da hoto.

To, ana nan sai wata ƙungiyar agaji ta Turai ta tashi neman wanda zai duba mata wani aiki a Gaɓar Yamma ta Falasɗinu. Ɗan ofis ne a wani gari kusa da Nablus, wata lauya mai suna Nawal take riƙe da shi. Aikinsu taimakon mata: wadda aka tsare mijinta su nema mata izinin ziyara, wadda aka rushe gidanta su tsaya mata a kotu, wadda dangin miji suka danne wa gado su ƙwato mata. Wa'adin tallafin ya kusa ƙarewa, kuma rahoton mai dubawa shi zai sa a sabunta ko a rufe ƙofa. Ƙungiyar ta ce a wannan karon ba ta son Bature, tana son masani daga ƙasashe masu tasowa, wanda ya san wahala da idonsa. Jami'arsu, Madam Delphine, ta tuna wani dattijo mai babbar riga da ya riƙe mata lema a wani taro a Yawunde. Haka makomar matan Nablus ta faɗo hannun Sikelin Binuwai.

Kafin la'asar Garwa ta ji cewa Alhaji zai tafi sasanta Gabas ta Tsakiya. An ɗinka riguna, an yi walimar ban kwana, tsofaffi sun ba da saƙon addu'a a kai musu Masallacin Ƙudus. Abu ɗaya ne bai zo ba, izinin shiga ƙasar. Aka jira har rigunan suka fara kama ƙamshin akwati. Daga ƙarshe Madam Delphine ta ce a yi ganawar ta bidiyo, kamar yadda kowa ya saba tun lokacin korona. Da wani ƙaramin mutum ne, da ya ɓuya a ɗaki don kunya. Alhaji Wada fitowa ya yi majalisar ƙofar gidansa ya yi bayani.

"Ni na ƙi zuwa," in ji shi. "Eksper na zamani ba ya yawo da akwati kamar mai tallan turare. Wuri shi ke zuwa wurinsa. Vuwala, magana ta ƙare."

Amma duba aiki ba ya yiwuwa babu biki, wannan ko a kabari ba zai yarda ba. Tunda shi bai je ba, kuma ya lura waɗancan mutanen ba su da niyyar shirya masa tarba, sai ya tarbi kansa. Aka kafa rumfa a ƙofar gida har ta toshe layi. Bilya mahauci, aminin majalisarsa, ya kayar da rago. Uwargidansa Hajiya Dela ta tara matan unguwa aka sa musu anko. Aka ɗauko Iyatu, wadda guɗarta ke tsallake kogi, aka yi mata umarni: duk sanda Alhaji ya ɗaga farin hankicinsa, ta saki. Kwamfuta kuwa aka ɗora ta a kujerar baƙi, aka ajiye mata kwalbar lemo a gaba.

Lokacin ganawa ya yi, allon kwamfuta babu kowa. Alhaji Wada, wanda a tarihinsa bai taɓa isa taro ba sai shinkafa ta huce, ya dubi agogo ya girgiza kai cikin baƙin cikin yadda tarbiyya ta lalace a duniya. Sai da rana ta karkata fuskar Nawal ta bayyana, tana haki, gefenta wata tsohuwa mai farin mayafi. Cikin Faransanci ta ba da haƙuri, ta ce sojoji sun rufe shingen hanyar garinsu tun safe, sai da suka zagaya ta cikin gonakin zaitun a ƙafa.

Alhaji ya miƙe, ya gyara hannun riga, ya ɗaga hankici. Iyatu ta saki guɗa har tsohuwar da ke cikin kwamfuta ta zabura. Sannan ya yi jawabin maraba. Ya fara daga Annabi Adamu, ya biyo ta kan kakanninsa da jakunansu, ya tsaya ya daɗe a kan kansa. Da ya gama ya zauna ya soma aiki.

Ya ce a juya na'ura ya ga allon aikin. Nawal ta ce ba su da allo, don matan da ke zuwa ba sa son a san inda suka shiga, kuma allo yakan jawo baƙin da ba a gayyata ba. Ya ce to a nuna masa motar shugaba. Ta ce ƙafarta ce da motar haya. Ya tambayi wane babban jami'i ne ya yanke ƙyallen buɗewa. Ta ce ranar da suka buɗe an hana fita. Ya tambayi launin ankonsu. Wannan sai da ya maimaita, ta kasa gane tambayar. Kowace amsa ta shigo, Alhaji sai ya tsuke baki ya dubi jama'a, irin kallon likitan da ya san mara lafiya ba zai kai ba.

Duk da haka mutum ne mai tausayi, bai iya ganin jahilci ya wuce bai taimaka ba.

"Madam, batun baraj ɗin nan da kike ta kuka da shi," in ji shi, yana nufin shingen, "rashin dabara ne. Mu nan daga Garwa zuwa Mora guda nawa muke wucewa? Ki sauke gilashi, ki yi murmushi, ki ce, 'Shef, ya aiki? Ya iyali?' Sai ki zura hannu a jaka ki ciro ɗan na goro. Shi ke nan, bon vuwayaj, a sauka lafiya! Wannan shawara kyauta na ba ki."

"Musye," in ji Nawal, "a shingenmu in na zura hannu a jaka, ba goro za su zaci zan ciro ba."

Sannan ta roƙi a bar tsohuwar ta yi magana, tunda ta taka duk wannan tafiyar don haka. Sunanta Ummu Yusuf. Tana faɗa da Larabci, Nawal na juyawa, matan rumfa masu jin Faransanci suna raɗa wa na kusa da su. Ta ce an ɗauke ɗanta ba tare da an gaya mata laifinsa ba. Ta yi ta neman izinin ganinsa ana mayar da ita, har wannan ofis ya tsaya mata. Ranar da ta gan shi ta bayan gilashi ne, ta ɗora tafinta, ya ɗora nasa. Ta ce in an rufe ofis ɗin ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba.

Gaskiya rumfar nan ta yi sanyi. Ni kaina da nake tsaye a baya don rago na zo, amma sai na ji naman ya fita raina. Hajiya Dela ta sa gefen ankonta tana share ido. Alhaji Wada ya lura taro ya mutu, kuma gogaggen masani ba ya barin taro ya mutu a hannunsa, sai ya ɗaga hankici. Iyatu ta dube shi, ta dubi tsohuwar, ta kawar da kai. Ya ƙara ɗagawa har yana kaɗawa. Ko tari ba ta yi ba. Sai ya goge fuska da shi kamar dama abin da ya yi niyya ke nan, ya ce a zo a yi hoto da kwamfuta.

Rahoton da ya rubuta ya fito da zafi. Ya ce a duk tsawon aikinsa bai taɓa ganin ƙungiya mara tsari irin wannan ba: babu allo, babu mota, babu biki, babu alawus na zama, ko rigar yayi ba su buga ba. Ya bankaɗo babban abin kunya, cewa duk abin da aka ba su a kan lauyoyi da kuɗin hayar motar kai mata ziyara yake ƙarewa. Ya ba da shawara a dakatar da su sai sun waye. Don kada a ce ya yi suka bai kawo gyara ba, ya ba da misali da Cibiyar Ɗinki ta Matan Binuwai, wadda shi da kansa ya kafa a Garwa da tallafin wani reshe na ƙungiyar tasu. Ya haɗa da hotuna: ga allo ya kai girman gefen tirela, ga mota, ga shi yana yanke ƙyalle. Abin da tawali'u ya hana shi rubutawa, duk unguwa ta sani. Kekunan ɗinkin sun daɗe da bin 'ya'yansa mata gidajen aurensu, zauren kuma wani ɗan kasuwa ke tara buhunan albasa a ciki.

Ba a daɗe ba, wata hantsi majalisa ta cika, waya ta yi ƙara. Da ya ga sunan Madam Delphine sai ya ɗaga hannu aka yi tsit, ya buɗe lasifika don talakawa su ji yadda ake gayyatar manya Turai.

Ta ce ba su taɓa karɓar rahoto mai amfani irin nasa ba. Alhaji ya lumshe ido. Ta ce da kwamiti ya karanta cewa babu mota babu biki, komai wurin matan yake tafiya, nan take aka sabunta aikin Nawal, har aka ƙara mata lauya. Alhaji ya buɗe ido. Ya yi gyaran murya ya ce ai dama dabarar ke nan, majalisa ta ce ƙwarai kuwa.

"Sannan cibiyarka ta burge mu," in ji Madam Delphine. "Mun duba, ashe ba a taɓa auna ta ba. Tunda musayar ƙwarewa muke so, mun naɗa Nawal ta duba ta mako mai zuwa, ta bidiyo. Ta ce kada ka wahalar da kanka da rumfa ko jawabi. Ka shiga da waya cikin zauren kawai, tana so ta gaisa da masu ɗinkin."

Alhaji ya yi ta laluben inda ake kashe lasifika. Majalisa kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Bilya mahauci ne kaɗai ya matso, cikin ladabi da son taimako.

"Alhaji," ya ce, "albasar nan tana jin Faransanci kuwa, ko sai an nemo mata tafinta?"