Ranar da Na Ce An Sauka Lafiya

Har gobe ba za ni manta da ranar da bakina ya tara mini surukai a asibiti a Sabon Birni ba. Ni da na yi shekaru ina karanta labarai a rediyo, ina gyara wa mutane Hausa ko ba su tambaye ni ba.

Maiɗakina na da cikin fari wata bakwai, jininta ya hau, ga mara ta fara murɗa mata kamar naƙuda. Likita ta ba ta wata 'yar ƙwaya, ta ce mini, "Maganin hawan jini ne, amma yana kwantar da mahaifa. So muke jinin ya sauka, yaron kuma ya zauna. In ya fito yanzu bakwaini ne, sai addu'a."

Zuwa la'asar aka sake aunawa. Jini ya sauka, ciwon mara ya lafa.

Sai na kira surukina a Burkusuma. Baffa dattijon Bafulatani ne, ba a ambatar ciki ko naƙuda a gabansa (ko sunan ɗiyarsa ban taɓa kamawa ba). Na gyara murya, na tsamo kalmomi masu kunya: "Baffa, an sha wuya, amma alhamdu lillahi, an sauka lafiya."

"Madalla!" in ji shi, layin ya yanke. Na mayar da waya aljihu ina yaba wa kaina iya zance.

Washegari da hantsi sai ga babura a jere. Inna, uwar maiɗakina, da ƙannenta mata, da kanwar kunun jego, da rago ɗaure bayan babur. Tun daga ƙofa suka saki guɗa. Suka shiga ɗaki, suka tarar da maiɗakina zaune da cikinta tulele, tana shan fura.

Inna ta duba gado, ta ɗaga zane. Da yake ba ta yi mini magana kai tsaye, sai ta dubi ƙanwarta: "Tambayi Malam, ina jinjirin?"

Na ce, idona a ƙasa, "Jinin ne ya sauka."

Inna ta sake duban ƙanwarta: "Jini? Ashe barkar jini munka zo!"

Matan ɗakin suka tuntsire da dariya, har likita ta leƙo ta ce kada mu tayar mata da abin da ta sha wuyar kwantarwa.

Yaron ya yi zamansa har wata tara, uwarsa na shan ƙwayarta yadda aka umarce ta. Ragon ma ya yi zamansa a gidana, yana cin dusata har ranar suna. Kunya ado ce, ban musa ba. Amma in za ka ba suruki labari, daure ka faɗi abin da ya sauka.