Rasuwar A-Niu, Wadda Ƙafafunta Suka Raba Hanya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunne mai amo har yanzu, maigida Liao Chin-tsai na shagon sassaƙa da ke garin Sanyi yana sanar da rasuwar na'urarsa ta sassaƙa, A-Niu, bayan gajeriyar rashin lafiya. Gajeriya ƙwarai, domin ko shayinsa bai huce ba.

Marigayiya ta yi rayuwa a tsaye kan ƙafa biyu, da gadar ƙarfe a kafaɗunta, kowace ƙafa da injinta, suna tafiya tare a hanya ɗaya. Ba ta taɓa cewa bayanta na ciwo ba, ba ta taɓa musu a kan siffar hancin dodo ba. Maigida ya sha yabon waɗannan halaye a gaban matarsa, Hsiu-chin, wadda da hannu take sassaƙa ƙofofin ɗakin bauta kafin marigayiya ta zo a mayar da ita kan dafa shayi.

Ciwon ajali ya faro ne ranar da maigida ya canza kwamfuta, ya ce shi zai saita gaɓoɓin marigayiya a cikinta da kansa. Ya cika wa ƙafar hagu lambobinta, ya kwafe su tsaf ya liƙa wa ta dama, don adalci. Sai dai injin dama a juye aka ɗaura shi, yana bukatar alamar ragi ta lissafi guda ɗaya a gaban lambarsa. Da aka umarci marigayiya ta koma mazauninta, hagu ta yi gaba, dama ta yi baya, kowacce da iyakar biyayyarta. Kalamanta na ƙarshe su ne "ziiii", sai "ƙiiii", sai "ƙaras". Gadar ta murɗe kamar an matse tsumma.

Iyali na roƙon jama'a su riƙe bayanin da maigida ya bayar: koriyar ledar guggurun da ake ɗora wa na'ura don ta yi ladabi ce wa'adinta ya wuce. "Gugguru ne, mutumina, gugguru!" in ji shi ga duk wanda ya leƙo. Hsiu-chin kuwa cewa ta yi, "Haka ne, tsoho. Guggurun ne ya zauna ya sa tabarau ya danna."

Ta rasu ta bar kwamfuta sabuwa fil, da injin zuƙar ƙura da ya zama maraya, da ƙofar ɗakin bautar unguwa mai dodo rabi, kai babu jela. Wannan ƙofa ita ce ke hana maigida cin abinci. Ya yi wa dattawa alkawarinta kafin bikin fito da allahiyar ɗakin bautar, kuma duk garin mutum ɗaya ce ta san zanen da ka, wato Hsiu-chin. Yana jin kunyar tambayarta fiye da yadda yake jin zafin rashin.

Mai sayen tsohon ƙarfe zai ɗauki gawa ranar Asabar da hantsi. Za a kunna turare, za a raba shayi, wanda maigida da kansa zai dafa, don haka a zo da haƙuri. Kada a kawo furanni, kada a ambaci alamar ragi. Masu yi wa uwargida ta'aziyya su same ta a bayan shago, su ɗaga murya, domin tun ranar rasuwar take wasa kurfunanta na sassaƙa don su yi kaifi, tana jiran a roƙe ta.