Rasuwar Ɗantsoho, Keken Ɗinkina, a Ƙahon Ragon Mai'adua

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun hagu a naɗe cikin tsumma, ni Talatu, matar Malam Zailani dillalin dabbobi, ta unguwar Shadambu a nan Daura, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da duk wadda ta taɓa kawo mini yadi ko ƙyalle, rasuwar keken ɗinkina na ƙafa wanda aka fi sani da Ɗantsoho. Ya rasu ranar Lahadin da ta gabaci babbar salla, da la'asar, a tsakar gidanmu. Bai yi jinya ba. Kashe shi aka yi. Wanda ya kashe shi kuwa, a daidai lokacin da nake wannan rubutu, yana ɗaure a inda marigayin ya yi tsayuwarsa ta ƙarshe, yana tuƙa, yana kallona.

Marigayin ya zo hannuna da tsufansa, abin da ya jawo masa sunan ke nan. Daga wajen wani tela na Baure na same shi, wanda idonsa ya daina ganin kafar allura. Baƙi ne wul, da zanen ruwan zinari a ƙirji wanda tafin hannu ya cinye rabinsa. Bai taɓa neman wutar lantarki ba, bai taɓa neman fetur ba. Ɗigon mai ranar Juma'a, shi ne abincinsa na mako. Idan yana cikin nishaɗi cewa yake taka-taka-taka-taka. In ya haɗu da yadi mai kauri sai ya sauke murya, gur-gur-gur, kamar dattijo yana lazimi. Idan zare ya tsinke sai ya ce kyat, sau ɗaya tak, ya yi shiru ya jira ni.

Lokacin da aka ƙaddamar da shari'a, kowace mace a unguwar nan ta tashi tana son hijabi har ƙasa, shi ya ɗauki nauyin, bai ce ya gaji ba. Amma aikin da ya fi so shi ne ƙananan abubuwa. Nakan aika a tsinto mini ragowar ƙyallaye a ƙarƙashin teburan teloli, in yanka su kusurwa uku-uku, shi kuma ya haɗa ja da kore da ruwan ƙasa har su zama zanen gado. Ya ɗinka rigar matashin kai, da jakar Alƙur'ani, da majanyi, da abin sauke tukunya daga wuta. Hulunan jarirai da nake saƙawa da ulu, shi ke sa musu shafi a ciki don kada su ci kan yaro. Da wuya a sami ɗakin amarya a layinmu da babu ɗinkinsa a ciki.

Yana da wata ɗabi'a da ban cika gani a wurin mutane ba. Mata kan zo da sunan awo, su zauna kusa da shi su faɗi abin da ba su iya faɗa a gidajensu. Ƙararsa ke rufe muryarsu kada a ji daga zaure. Ya ji na miji, ya ji na suruka, ya ji na ciwon da ake ɓoyewa, kuma ya tafi kabari da su. Ni ma da na shiga ajin yaƙi da jahilci ina da jikoki, a gabansa na riƙa haɗa baƙaƙe ina kuskure. Shi kaɗai ne a gidan nan bai yi mini dariya ba.

Ga yadda ajalinsa ya zo, domin an yi ta faɗa a unguwa ba daidai ba.

Aikin salla ya yi yawa, ɗaki kuma ba haske, sai na fito da shi ƙarƙashin rumfa. Na tashi na zaga bayan gida yin alwala. A wannan tsakani Malam ya dawo daga kasuwar Mai'adua da ragon layyarmu, wani ƙaton balami daga ƙasar Nijar, mai ƙaho kamar an murɗa tabarya. Ba a riga an kafa turke ba. Ladan kuma ya ta da iƙama, kuma kun san a shekarun nan ba namijin da ke son a waiwaya a sahu a ga babu shi. Malam ya duba tsakar gida yana neman abin da ya fi komai nauyi, idonsa ya sauka a kan ƙafar ƙarfen Ɗantsoho. Ya ɗaura igiya a nan, ƙulli irin na dillalai wanda ba ya kwancewa, ya ruga masallaci.

Ina wanke ƙafa na ji ƙarar. Na fito na tarar rago ya ja, keke ya biyo shi yana kuka a kan daɓe. Da ragon ya ga baƙin abu na bin sa, sai ya juyo. Ya ja da baya iyakar tsawon igiya, ya sunkuyar da kai, ya zo a guje. Karon farko ya tsaga teburin gida biyu. Na biyu ya tsinke bel, ya watsar da aljihun maɓallai, allurai suka tarwatse cikin ƙasa. Na ɗauki muciya na shiga tsakaninsu, ban san ni ce na yi ba sai da na gan ni a jikin randa, randar a fashe, ruwa na bin zanena, wuyan hannuna ya juya wata fuska. Daga nan ƙasa na kalli sauran. Ya ja marigayin ya buga da ginin murhu. Ya taka zanen gadon da muke haɗa wa jikata, ya yage shi da kofato. Kan keken ya ɓalle daga mazauninsa ya faɗi a kan kazata mai kwanci, ko motsi ba ta ƙara yi ba. Ragon bai bar shi ba duk da haka. Ya sake ja da baya, ya same shi a wuya, daidai inda nake riƙewa in zan ɗaga shi.

Ɗantsoho ya ce ƙwal. Wannan ce maganarsa ta ƙarshe.

Sai dai ina shaida wa jama'a cewa bai mutu ragon maza ba. A wannan karo na ƙarshe ya tafi da ƙahon dama na makashinsa, ya karya shi tun daga tushe. Jini ya wanke wa ragon fuska, ya ɗiga a kan hijaban mutane da ke ninke a tabarma.

Malam ya dawo da carbi a hannu, ya tsaya, ya yi salati. Sannan ya tsallake ni, ya tsallake gawar, ya kama kan rago yana duba ƙaho.

An kira Lawal mai walda. Ya juya kan keken, ya sa yatsa a karayar, ya cire hularsa ya ce, "Inna Talatu, ƙarfen zubi ne, ba ya kama wuta. Sai haƙuri."

Marigayin ya bar almakashi ɗaya, wanda suka tsufa tare. Ya bar tef ɗin awo, da kwarashi babba da ƙarami, da tsinkayen saƙa, da ƙoshiyarsa wadda aka tsinto a bakin rijiya da sauran farin zare a cikinta. Ya bar marayu da yawa: riguna masu hannu ɗaya, hijabai marasa kalmasa, da buhun ƙyallaye da ba su san wanda zai haɗa su ba. Yara da dama a layinmu sun je idi da kayan bara. Ya kuma bar ni.

Abin da ya ƙara wa wannan rashi ɗaci shi ne hukuncin da ya biyo baya. Ni na yi zaton ko ban ce komai ba, safiyar salla za ta rama mini. Amma da Malam ya tambayi liman, Malam Nu'uman, sai ya ce ragon da ƙahonsa ya karye yana zubar da jini ba ya isar wa layya sai ya warke. Ban ja da liman ba, gaskiya ya faɗa. Sai aka sayo wani ɗan bunsuru da bai taɓa yi wa kowa laifi ba, aka yanka shi. Makashi ya tsira saboda kisan da ya yi. Aka kafa masa turke a ƙarƙashin rumfata, ana shafa masa man kaɗanya a kai. Malam ya ce irinsa ba a rabuwa da shi, za a bar shi ya yi barbara. Sannan ya ce da ni, "Maman Siddiƙa, a riƙa dama masa dusa da kanwa safe da yamma, kin ga ya zubar da jini."

Na saurara har ya gama. A Islamiyyar matan aure an karantar da mu cewa mai jini yana da zaɓi uku: ƙisasi, ko diyya, ko afuwa. Na ce da Malam na zaɓi na farko. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ƙarfe ba shi da jini.

Maƙwabciyata Murja ce ta ce tunda rasuwa aka yi, ai sai a yi zaman makoki. Washegarin salla ta shigo da tabarmarta, sauran matan da ɗinkinsu ya mutu suka biyo ta. Suka cika tsakar gida tun daga hantsi, suka tuɓe hijabai, masu goyo suna shayarwa, wasu na kitso, wasu na warware mini ulu. In wasu sun tafi girki wasu su shigo. Tsofaffi biyu suka ce su kwana za su riƙa yi, ba sa barin mai takaba ita kaɗai. Kowa ya san namijin kirki ba ya kutsawa cikin matan mutane. Duk sa'ad da Malam ya yi gyaran murya a ƙofar zaure, sai su haɗa baki, "Da mutane, Malam!" Murja kuma ta ɗaga murya ta ce, "Malam, ya muka ji da haƙuri? Allah ya ba da ladan ɗaurin igiya."

Malam ya yi yawon salla da riga ɗaya. Alwala a gidan maƙwabta, tuwo a zaure, barci a kan buhunan dusa. Ya aika wa mazajensu, mazajen suka ce su ba sa hana matansu ta'aziyya. Ya aiko a tambaye ni yaushe za a tashi, na ce ai makoki ba ya tashi sai an yi sadaka.

Yau da hantsi muka ji muryarsa ta bayan ƙyaure, a dishe. "Maman Siddiƙa. A sayar da ragon to, a sayo miki wani keken."

Na ce, "Malam, wanda zai saye shi dusa zai ba shi."

Can ya ce, "A yanka shi. Don Allah a miƙo mini wandona."

Saboda haka ga tsarin jana'iza. Ba za a yi wa marigayi salla ba, liman ya ce in rufa masa asiri. Za a wanke shi da kananzir gobe Alhamis da safe, a naɗe shi cikin zanen gadon da aka yaga tare da shi, Lawal ya ɗauke shi a baro zuwa wajen maƙera. Mata za su raka shi iyakar zaure. Zancen wanda zai gaje shi kuwa tsakanina ne da wanda ya ɗaura igiya, ba na takarda ba ne.

Sadaka ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Sada mahauci zai zo da wuƙarsa, Malam da kansa zai danne ƙafafu. Za a yi a ƙarƙashin rumfa, na riga na share wurin. Duk wadda ɗanta ya je idi da tsohuwar riga ta zo da kwano babba. Kai da ƙafa kada kowa ya roƙa, ni zan babbake su da hannun da ya rage mini. Fatar kuma a kai majema a yi mini buzu, domin akwai hijaban mutane da zan ƙarasa da allurar hannu, kuma ina bukatar abin zama.