Na Yi wa Karaz Yankan Zogale

Shekarata uku a Makka ba takarda, sai Ammi Salihu, wani attajiri, ya ce zai yi mini iƙama, wato takardar zama, in na rage rassan ƙananan itatuwan karaz, masu jajayen 'ya'ya masu zaƙi, da ya dasa a Ɗa'ifa.

Na bugi ƙirji: "Ya Ammi, ni manomi ne ɗan manomi!"

Na ajiye almakashinsa, na ɗauki adda, na sare su daf da ƙasa kamar zogale, wai su yi tofo. Ashe masu aure ne. Mai zaƙin na zubar, na bar gindin na daji.

Bai zage ni ba, hanya kawai ya nuna mini.

Har yau ba iƙama. In na gitta a unguwar Jarwal, 'yan uwana Hausawa sai su ce, "Ku ɓoye sandunanku, ga manomi ɗan manomi!"