Rasuwar Mai Gadi, Wadda Aka Gano Bayan Wata Huɗu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ya ƙi kwanciya, Malam Misbahu Talha, mai kula da kwamfutocin wata cibiyar koyon sana'a a Dutse, yake sanar da rasuwar na'urar tsaron cibiyar, wadda aka fi sani da Mai Gadi. Ta rasu a azumin 2004. An gano hakan shekaranjiya.

Marigayiyar ta yi zamanta a tsakiyar waya, tsakanin faifan tauraron ɗan'adam da ke kan rufi da kwamfutoci goma sha biyu. Duk abin da zai shigo ko zai fita sai ya bi ta cikinta, ta bincike shi, ta tare mugun. Ba ta taɓa karɓar na goro ba, ba ta kuma san ɗan wane ba. Shi ya sa ba ta yi farin jini ba.

Jinyarta ba ta yi tsawo ba. Ranar da aka tura Misbahu aikin wata huɗu a reshen Jahun, shugaban cibiya, Alhaji Lado, ya nemi inda zai jona butar shayin buɗa-baki, ya zare filogin Mai Gadi. Kalamanta na ƙarshe su ne, "Tiit! Tiit! Tiiii…" Alhaji ya ɗauka ruwa ne ya tafasa.

A gefen Mai Gadi akwai ɗan akwatin da Misbahu ya kafa da hannunsa. Aikinsa, in wuta ta yanke mata, ya haɗa wayar shiga da ta fita kai tsaye, a zagaye ta na 'yan mintoci don kada aiki ya tsaya. Akwatin kuwa ya yi ƙas, ya haɗa, ya kunna jar fitilar gargaɗi. Fitilar ta dami idon sakatare, Malam Mika'ilu, sai ya rataya kalanda a kanta. 'Yan mintoci suka zama wata huɗu. Kowa ya yaba yadda intanet ta ƙara sauri, Alhaji kuma ya shaida wa taro cewa albarkar shugabanci ce.

Marigayiyar ta rasu ta bar akwatin zagaye cikin ƙoshin lafiya, da kalanda, da cutar kwamfuta iri-iri da ta shigo ba sallama. Sakamakon jarrabawar ɗalibai ɗari biyu ya bi ta lahira makon jiya. Ta kuma bar wa Misbahu takardar tuhuma mai sa hannun Alhaji Lado, wadda ke neman ya bayyana ranar Litinin dalilin da ba za a kore shi ba saboda kafa na'urar da ba ta aiki.

Za a raka ta makwancinta, wato sito, ranar Alhamis bayan la'asar. Ana roƙon kwamitin da zai saurari tuhumar Misbahu ya halarta da wuri, ya ga filoginta a ƙasa inda ya kwana wata huɗu. Za a raba shayi. Butar tana nan a jone.